Takalman Zulkiflu

Ranar da Malam Usmanu ya kira Aisami ya ɗora masa binciken mai neman auren 'yarsa Rumasa'u, Aisami bai yi murna ba. Aikin kawu ne, ba shi da wanda zai tura wa, don Hajja, uwar yarinyar, yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Amma ya taɓa yin irin wannan aiki sau ɗaya a gidan nan, kuma abin da aikin ya haifar yana nan zaune a ɗakin da ke kusa da rumbu, ita da 'ya'yanta biyu.

Balkisa ke nan, yayar Rumasa'u. Shekara bakwai da suka wuce, Aisami ne ya zagaya garin Gure yana tambayar halin wanda ya zo neman ta. Kowa ya ce yaron kirki ne, mai kunya, mai gaida mutane. Ya dawo ya ce a ba shi. Ashe ɗan karta ne tun yana saurayi, kuma rabin waɗanda suka yabe shi sun san haka sarai. Sai da ya kai keken ɗinkinta da kayan ɗakinta gidan caca ɗaya bayan ɗaya kafin aka raba auren. Ba wanda ya taɓa ce wa Aisami kai ne sila. Da ma sun faɗa, da ya fi masa sauƙi. Kullum Balkisa tana durƙusawa ta gaishe shi, shi kuwa ya amsa yana kallon bango.

"Sunansa Zulkiflu," in ji Malam Usmanu. "Ma'aikacin dabbobi ne, shi ke yi wa shanu allura. Mutanensa na Kelle za su zo karɓar amsa Juma'a ta sama. Yarinya tana son sa, uwarta ma haka. Ni ban ce komai ba tukuna. Abin da ka kawo mini, a kansa zan yanke magana."

"To, Malam."

Har ya kai bakin zaure, Malam Usmanu ya sake kiran sunansa. Ya juyo.

"A duba da kyau," kawai ya ce, ya mai da kansa ga carbinsa.

Shekara talatin Aisami yana sayar da kanwa da dabino a kasuwar Gure. In aka kawo masa buhu daga kwari, inda ake samo su, ba ya kallon na sama, hannu yake zurawa har gindin buhun ya ɗebo. Tun abin Balkisa haka ya koma yi wa mutane. In ka gaishe shi yau da fara'ar da ta fi ta jiya, to zai yini yana tunanin me kake nema a wurinsa.

Bincike kuwa yana da ƙa'idarsa. Ba a tambayar mutum da kansa, ba a ma nuna masa ana yi. Wurin maƙwabta za ka je, ku yi hirar damina da tsadar gero, sannan ka ratsa da sunansa kamar ba da gangan ba. Sun san abin da ya kawo ka, ka san sun sani, kowa ya yi kamar bai gane ba. Abin da ya fi wuya shi ne mutanen Gure ba su son a ce da bakinsu aure ya lalace. Gara su yi maka ƙarya cikin ladabi, su bar 'yar mutane ta gano gaskiya da kanta a cikin ɗakinta.

Ya fara da limamin unguwar da Zulkiflu ke haya. Liman ya ce a sahun gaba yake sallah. Aisami ya gyaɗa kai, a ransa ya ce tsohon mijin Balkisa ma a sahun gaba yake yi.

"Sai dai Talata da Alhamis," in ji liman, "da an sallame la'asar ba ya tsayawa gaisawa, sai ka ga ya yi wuf ya fita. Amma magariba tare muke yi."

Wannan 'yar maganar Aisami ya kama ya riƙe gam.

Washegari ya je wurin Ummul Kulsum, tsohuwar da ke da gidan hayar. Suka gaisa da harshen Manganci har gaisuwa ta ƙare, ta kawo masa ruwa, ta shiga zuba yabo: yaron ya gyara mata ƙofa, ya yi wa akuyarta magani, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Aisami ya bari ta gaji don kanta.

"Na zo nemansa ran Talata kan wata tunkiya tawa, ban same shi ba," ya ce. "Ko ina yake zuwa da la'asar?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana juya ƙwaryar da ke hannunta.

"Asibiti yake zuwa duba marasa lafiya. Yaron akwai tausayi."

Daga nan sai buron su Zulkiflu, wato ofishinsu, inda ya sami abokin aikinsa Fadilu yana ɗaure kwalin magani a bayan moto, babur ɗinsu na aiki. Wannan karon ma tunkiyar ya kawo, wadda ba shi da ita.

"Ai ranakun nan daji muke fita, Baba," in ji Fadilu, ko numfashi bai ja ba. "Wajen Gidigir, allurar shanu."

"Da la'asar? Na ɗauka da safe makiyaya ke kawo dabbobi bakin rijiya."

Fadilu ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya ce ai wani lokaci aiki kan ja. Igiyar da ya riga ya ɗaure ya kwance ya sake ɗaurewa.

Rumasa'u ce ta ƙarshe. Ba ita ya kamata ya tambaya ba, amma ya tare ta a hanya tana dawowa daga lakwal inda take koyarwa, littattafan ɗalibai rungume a ƙirjinta. Ita ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da biyar, kuma shi ya yi mata huɗuba a kunne ranar da aka haife ta. Bai taɓa kama ta da ƙarya ba.

"Karatu yake yi, Kawu."

"Karatun me?"

"Na aikinsu."

Ta gyara hijabinta, wanda ba abin da ya same shi.

Mutum uku, amsa uku. Ranar nan Aisami ko tuwonsa bai iya cinyewa ba. Da a ce mutum ɗaya ne ya yi masa ƙarya, da ya ce mantuwa ce. Amma tsohuwa da abokin aiki da ita kanta yarinyar, kowa ya ɗinka tasa, kuma ba su ma haɗa baki sun yi iri ɗaya ba. Abin da ake haɗuwa a rufe haka ba ƙarami ba ne. Ya lissafa a ransa: karta, ƙwaya, ko wata mace da aka ajiye a wani lungu. Wanda ya fi ba shi tsoro shi ne na farko, kuma zuciyarsa ta riga ta tsaya a kansa. Haushi ya kama shi, har da na Rumasa'u, wadda ta ga abin da ya sami yayarta da idonta amma take rufa wa namiji asiri tun kafin ya zama nata.

Ran Alhamis ya rufe rumfarsa da wuri, ya yi la'asar a masallacin su Zulkiflu, a sahun baya. Da aka sallame ya ga dogon saurayin ya miƙe, siriri mai ɗan gemu, ya zura takalma ya kama hanya a ƙasa. Aisami ya bi shi daga nesa, rairayi na cin ƙafarsa. Zulkiflu bai waiwaya ko sau ɗaya ba. Wani zai ce alamar marar laifi ce. Aisami ya ce alamar wanda ya daɗe yana yi ce.

Tafiyar ta ƙare a shagon Ɗan Kasuwa mai gyaran wayar salula, kusa da tasha. Bayan shagon akwai wani ɗaki mai ƙofar langa-langa da pano biyu na wutar rana a kan rufi. Aisami ya raɓe bayan wata amalanken jaki yana kallo. Zulkiflu ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya shiga. Ba a jima ba sai ga Husseini, direban motar Damagaram, ya duba hagu ya duba dama, ya cire nasa takalman ya shiga da su a hannu. Sai ga Fadilu, wanda ya kamata a ce yana Gidigir a tsakiyar shanu, shi ma takalmi a hammata. Can Ɗan Kasuwa ya leƙo, ya ga na Zulkiflu a waje, ya yi tsaki, ya kwashe su ya shiga da su, ya ja ƙofa.

Duk wurin da mutanen kirki suka taru, takalmansu na bakin ƙofa, mai wucewa ya ƙirga ya san mutum nawa ne a ciki, ya ma gane na wane da na wane. Sau ɗaya ya taɓa ganin ɗakin da ake shiga da takalma a hannu, ranar da ya je roƙon a mayar wa Balkisa da kekenta.

Ya matso jikin bango. A ciki shiru na ɗan lokaci, sai ihu ya ɓarke, wani na dariya, wani na cewa "Wayyo ni, ka kashe ni!" Irin ihun nan ne dai. Ya san shi.

A rayuwarsa bai taɓa shiga ɗakin mutane ba sallama ba. Wannan karon sai da ƙafarsa ta shiga ciki sannan sallamar ta biyo baya.

Ɗakin ya hargitse. Fadilu ya fizgi dardumar sallah ya jefa kan wani abu a jikin bango. Ɗan Kasuwa ya tura wani abu cikin rigarsa ya naɗe hannu a kai. Husseini ya ɗauki takalmansa ya tsaya yana kallon taga, wadda ko kyanwa ba za ta iya bi ba. Zulkiflu kaɗai bai yi komai ba. Yana zaune a tabarma da wani baƙin abu mai maɓallai a hannunsa. Ya ajiye shi a fili, ya miƙe, ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba. Ku shigo ku zauna."

Sannan ya taka ya yaye dardumar. Tele ce, wato talabijin. A cikinta ga fili kore, ga 'yan ƙwallo sun tsaya cak kamar an ce kada wanda ya motsa.

"Wasan ƙwallo muke yi," ya ce. "Da wannan ake tuƙa 'yan wasan, manet sunansa. Ɗan Kasuwa, fiddo naka, ka ga kana ba mu kunya."

Aisami ya durƙusa. Ya ɗaga gefen tabarma ya duba. Ya ɗaga ɗaya gefen. Ya buɗe gwangwanin sukari, ya leƙa bayan tele, har murfin butar shayi sai da ya ɗaga. Ba karta, ba ƙwaya, ba ko dala. Maimakon hankalinsa ya kwanta sai ransa ya ƙara ɓaci, don ya tabbata an fi shi wayo ne.

"Wanda aka ci, me yake bayarwa?"

"Shi ke dafa shayi, Baba. Ya hura gawayi, ya wanke kofuna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Yau wata uku Husseini ne ke hurawa."

Ba wanda ya yi dariya. Aisami ya ce sauran su ba su wuri. Suka fita sumui-sumui, kowa da takalminsa a hannu.

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, Baba. Kawun Rumasa'u ne ku. Na san bai kamata in nuna na sani ba, ku gafarce ni."

"In wasa ne kawai, me ya sa ake yi mini ƙarya? Asibiti, Gidigir, karatu. Kai ka raba musu?"

Zulkiflu ya ɗago kai, kuma mamakin da ke fuskarsa bai yi kama da na shiri ba, ko da yake Aisami ya ƙi yarda da hakan nan take.

"Wa ya ce karatu?"

"Wadda kake nema."

Saurayin ya zauna a hankali. Ransa ya sosu, a fili yake.

"Ranar da na fara zuwa zance na faɗa mata," ya ce. "Na ce ga abin da nake yi Talata da Alhamis, tun ina lise, wato sakandare, a Damagaram nake yin sa, yau shekara goma sha huɗu. Ta yi dariya ta ce ba komai. Ashe kunyarsa take ji. Wallahi, Baba, ban sa kowa ya rufa mini ba. Kullum a waje nake barin takalmana, Ɗan Kasuwa ne ke kwashewa, wai kada a ga ma'aikaci a ɗakin wasa a raina shi."

Aisami ya tuna tsakin Ɗan Kasuwa a bakin ƙofa. Ya ture tunanin gefe.

"Ƙato da kai, da gemu, kana latse-latse kamar ɗan yaye. Me kake samu a ciki?"

"Hutu. Kwana uku ina daji a wajen Bune makon jiya, ciwo ya shiga garken wani dattijo, shanu tara suka mutu a gabana, yana riƙe da rigata yana kuka. In na dawo da irin wannan a kaina, na zauna nan awa biyu, sai in ji ya sauka. Kuma ko ba wannan, ina son sa, Baba. Daɗi yake mini. Ba zan ce muku magani ne ba."

Aisami ya daɗe yana kallon sa. Ya san Malam Usmanu. Mutum ne da ko dara ya ga dattawa na yi a gindin itacen bedi sai ya sauya hanya. In ya ji wannan, auren ya tashi. Kuma, ko da yake ba zai faɗa ba, wani abu a cikin yaron ya fara shiga ransa, abin da ya sa ya ƙara tsare gida.

"Ga abin da za a yi," ya ce. "Ka rantse mini nan ka bar wannan abu daga yau. Ni kuma in je in ce ban ga komai ba. Juma'a a ba mutanenka amsa mai daɗi."

Zulkiflu ya sunkuyar da kai. Aisami na kallon yatsunsa suna murza bakin tabarma. Ya san abin da zai biyo baya, don ya sha gani: rantsuwa da hannu a ƙirji, da godiya, da addu'a.

"Ba zan iya ba, Baba."

"Me ka ce?"

"In na rantse, wata biyu zan yi in dawo. Na san kaina. Sannan zan riƙa ce mata na tafi Gidigir. Ina son Rumasa'u fiye da wasan nan nesa ba kusa ba, in ita ta ce in rage zan rage. Amma ba zan shiga gidansu da ƙarya ba. Ku faɗa wa Malam yadda kuka gani. Kada ku ƙara, kada ku rage."

"Ka san zai iya hana ka?"

"Na sani."

Aisami ya kaɗe rigarsa ya fita ba sallama, kamar yadda ya shigo. A hanya yana ta faɗa da kansa. Wannan ko dai wawa ne, ko kuwa ya fi duk waɗanda ya taɓa gani iya yaudara. Mai yiwuwa kartar tana wani wuri, telen nan mayafi ce kawai.

Don haka ya koma wurin Ummul Kulsum, wannan karon ba tunkiya.

"Iya, asibiti kika ce mini."

Tsohuwa ta tafa hannu. "Ai kunya na ji masa! Tun ranar da ya kama ɗaki ya faɗa mini da bakinsa, wai in an neme shi ran Talata in ce yana wurin wasan tele. Na ce kai rufe bakinka, wa ke faɗin wannan? So kake a hana shi mata saboda wasan yara? Ni dai ba da bakina ba."

Ran Talata ya sake komawa bayan shagon, ba tare da ya sanar da kowa ba. Tun daga nesa ya ga ƙofar langa-langar a buɗe, an tokare ta da dutse. A bakinta ga takalma ƙafa biyu, na Zulkiflu. Husseini yana ciki, nasa takalman a ƙarƙashin cinyarsa. Fadilu bai zo ba, Ɗan Kasuwa kuwa ya maƙale a shago ya ce aiki ya yi masa yawa.

Aisami ya zauna a kan wani bulo a waje, ya ƙi shiga, ya ƙi shayi. Awa biyu yana kallon hannayensu, ba telen ba, yana jiran ya ga wani abu ya wuce daga tafi zuwa tafi. Ba abin da ya wuce sai kofi. Duk wanda ya fito daga tasha sai ya tsaya ya leƙa. 'Yan kabu-kabu suka taru suna shewa. Wani mahauci ya ce, "Likita, ashe nan kake yi wa shanun allura!" Aka kwashe da dariya. Aisami ya ga wuyan Zulkiflu ya yi tauri, gumi na bin gefen fuskarsa. Amma ya juyo ya ce, "Nan ne, Isa. In ka gama fiɗa zo in koya maka." Da aka kira magariba ya ajiye manet ɗin ana tsakiyar wasa, ya zura takalmansa.

Kafin Laraba ta faɗi, mata a kasuwa sun raɗa masa suna Angon Tele.

Ran Alhamis bayan la'asar Aisami ya shiga gidan Malam Usmanu. Ya tarar da labari ya riga shi. Malam na zaune a tabarma a tsakar gida, fuska a murtuke. Hajja na gefe ta rafka tagumi. Balkisa na bakin rumbu tana sheƙar gero. Rumasa'u ba ta nan a fili, amma labulen ɗakinta na motsi ba iska.

"Na aike ka bincike, sai a masallaci nake jin sakamako," in ji Malam Usmanu. "Angon Tele. 'Yata ce amaryar ke nan."

"Malam, bari in faɗi abin da na gani."

Ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Amsoshi uku, da takalma a hammata, da dardumar da aka jefa kan tele, da murfin buta. Da ya zo kan tayin da ya yi wa yaron sai ya ɗan tsaya, don shi kansa ba ƙaramar kunya ba ce a gare shi, amma ya faɗa.

"Na ce ya rantse ya bari, ni kuma in zo in yi maka ƙarya. Ya ƙi. Mutum biyar na tambaya a kan yaron nan, Malam. Liman bai sani ba. Uku sun yi mini ƙarya, har da 'yarka. Wanda ya faɗa mini gaskiya shi ne shi kansa."

"Ka tabbata ba caca?"

"Na nema kamar in haƙa ƙasa. Ban samu ba. Ba zan rantse a kan zuciyar ɗan Adam ba, na daina wannan. Amma abin da yake yi, a gaban mutane yake yin sa."

"A gaban mutane!" Malam Usmanu ya buga carbi a tabarma. "Ai shi ne abin kunyar. Da ya san ciwon kansa da ya ɓoye. Ni in zauna a cikin dattawa a ce surukina ne ke wasan yara a tasha, mahauta na yi masa dariya? A nemo mata wanda mutane ke ganin girmansa."

Daga bayan labule aka ji wani ɗan sauti, kamar an toshe baki da hannu. Aisami kuwa ya gama nasa.

Sai ƙarar faifai ta tsaya.

"Baba."

Balkisa ce. Tun da ta dawo gidan nan ba ta taɓa sa baki a maganar manya ba. Ta ajiye faifan, ta durƙusa daga inda take, ba ta ɗago kai ba.

"Baba, ku yi mini gafara. Wanda kuka ba ni, ba wanda ya taɓa yi masa dariya a garin nan. Kowa na ganin girmansa. Ranar da ya fita da kekena, babbar riga ce a jikinsa, mutane na gaishe shi a hanya. Shekara huɗu ban taɓa sanin inda yake ba in ya fita. Ita wannan za ta sani. Ko yaro ta aika zai gano shi da takalmansa."

Kaji da suka samu sarari suka faɗa wa geron. Ba wanda ya kore su. Malam Usmanu ya daɗe yana kallon 'yarsa ta fari, kamar yau ya fara ganin yadda ta rame. Ya ɗauki carbinsa, ya ja ƙwaya biyu, ya tsaya.

"Aisami. Ƙofar nan a buɗe take?"

"A buɗe, Malam. Da dutse ya tokare ta."

"In aka kira sallah fa?"

"Ana tsakiyar wasa ya tashi. Da idona na gani."

Malam Usmanu ya sauke numfashi. "Ni dai ba zan taɓa son wannan abu ba. Kuma kada ya kawo mini shi gida." Ya juya ga Hajja. "Gobe a shimfiɗa babbar tabarma a zaure. Mutanen Kelle suna da yawa."

Ya miƙe ya shiga ɗakinsa. Hajja ta bi bayan labule, inda kuka ya riga ya ɓalle, irin wanda ba a rarrashi.

Aisami ya zauna shi kaɗai a tabarma. Bai ji zuwan Balkisa ba sai da ya ga kofin ruwa a gabansa. Ta durƙusa kamar kullum. Kamar kullum ya juya zai kalli bango, sai wannan karon ya kasa, ya dube ta.

"Sannu, Kawu," ta ce a hankali. "Wannan karon ka shiga ɗakin."

Ba da zargi ta faɗa ba, godiya take yi masa, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya kai bakinsa.